Mata Biyar da Kashi 30: Lissafin da ke Ƙarƙashin Darasin Hawthorne

Duk ɗalibin da ya zauna ajin koyon gudanarwa, a jami'a ne ko kwalejin fasaha ko ta horon malamai, ya gamu da sunan Hawthorne. Galibi a zangon farko ake kawo shi, bayan an gama da Frederick Taylor da agogonsa na auna motsin lebura. Malami zai ce a wata masana'anta a Amurka an ƙara hasken fitilu, aiki ya ƙaru. An rage hasken, aiki ya sake ƙaruwa. Daga nan masu bincike suka gane cewa kulawar da aka nuna wa ma'aikata ce ta sa suka zage damtse. Ɗalibi ya rubuta, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa. Bayan shekaru ya zama manaja ko shugaban makaranta, darasin na nan daram a kansa: ma'aikaci ya fi bukatar a kula shi a kan a ƙara masa kuɗi.

Alƙaluman da aka gina wannan darasi a kansu suna nan a rubuce, kuma ba su da wuyar bi. Wanda ya iya raba 2,400 gida 48 zai iya bin su har ƙarshe.

Masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric ce, mai ƙera kayan tarho ga kamfanin AT&T. Tana garin Cicero, a gefen birnin Shikago, kuma a ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatanta sun kai wajen 40,000, da yawansu 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura daga Turai. Binciken da ake kira da sunanta ya gudana daga 1924 zuwa farkon shekarun 1930, kuma gwaje-gwaje ne daban-daban da littattafan aji ke dunƙulewa su mayar labari guda.

Na farko shi ne na haske, daga 1924 zuwa 1927, a ƙarƙashin Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka. Kamfanonin lantarki na da ruwa da tsaki a ciki, domin in aka tabbatar haske mai yawa na ƙara aiki, to kasuwarsu ta buɗe. Thomas Edison ma shi ne shugaban girmamawa na kwamitin. Wannan gwaji da ya fi kowanne suna, ba a taɓa buga cikakken rahotonsa ba. Abin da ya fito a lokacin gajeren bayani ne da injiniya C. E. Snow ya rubuta a 1927. Labarin nan mai daɗin ji, cewa an yi ta rage haske har ya koma kamar farin wata amma aiki bai ragu ba, ya faru ne da mata biyu kacal, a wani ɗan gwaji na gefe. An daɗe ana zaton ainihin takardun sun salwanta, sai da masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Shikago, Steven Levitt da John List, suka tono su a ɗakunan ajiyar littattafai na Milwaukee da Boston, suka buga nazarinsu a 2011. Abin da suka gano mai sauƙi ne. Ranar Lahadi ake canza fitilu, lokacin da masana'anta ke rufe. Ranar Litinin aiki kan fi na Asabar. Wanda ya dubi makonnin gwaji kaɗai zai ce canjin fitila ne ya jawo. Da suka dubi makonnin da ba a taɓa fitila ko ɗaya ba, sai suka tarar nan ma aikin Litinin ya fi na Asabar. Mutum ya huta, ya dawo da ƙarfinsa. Sun ga 'yar alamar cewa ma'aikata sun ɗan fi motsawa da canjin da masu gwaji suka yi a kan canjin hasken rana, amma tashin nan na ban mamaki da ake ba da labari bai bayyana a takardun ba.

Nauyin darasin dai yana kan gwaji na biyu ne, wanda aka fara a Afrilun 1927. Nan ya kamata a zauna.

An keɓe ɗaki, aka sa mata biyar masu harhaɗa rile, wato ɗan makunnin lantarki da ake sawa cikin na'urar haɗa layukan tarho, da ta shida mai jera musu kayan aiki. Rile ɗaya yana da ƙananan sassa wajen 35, kuma gwanar aiki kan gama shi cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Duk wanda aka gama sai a jefa shi ta wata kafa, na'ura ta huda alama a kan zaren takarda, saboda haka ƙidayar ba ta ido ba ce, kuma ba a tababa a kanta. Akwai mai lura da ke zaune a ɗakin yana rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Duk bayan mako shida likita kan duba lafiyar matan.

Biyar cikin 40,000 na nufin mutum ɗaya cikin kowane 8,000. Kuma ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓo su ba. An nemi ƙwararru biyu da ke shiri da juna, aka ce su zaɓo sauran. Ɗalibin da ya kawo wa malaminsa kundin kammala karatu da samfurin mutum biyar da ƙawaye suka zaɓo, ya san amsar da zai samu.

Kafin a shigar da su ɗakin, an yi mako biyu ana ƙirga aikinsu a tsohon sashensu. Kowace na yin rile wajen 2,400 a mako mai awa 48. Raba ka gani: 50 a awa. Wannan shi ne ma'aunin da aka gwada duk abin da ya biyo baya da shi. Daga nan aka shiga zango-zango. Zango na biyu mako biyar ne a sabon ɗaki ba tare da wani canji ba. A na uku aka canza tsarin biya. A na huɗu aka ba su hutun minti biyar sau biyu a rana, a na biyar aka mayar da shi minti goma-goma, a na shida minti biyar sau shida, wanda matan suka ce yana katse musu hanzari. A na bakwai aka tsaya a kan minti 15 da safe tare da ɗan abin taɓawa daga kamfani, da minti 10 da rana. Na takwas da na tara an rage yini, tashi ƙarfe huɗu da rabi, sannan ƙarfe huɗu. A na sha ɗaya aka ɗauke aikin safiyar Asabar. A na sha biyu, cikin kakar 1928, aka janye hutun duka har mako 12, aka koma awa 48 cur. A na sha uku aka mayar da hutu, aka yi mako 31 a haka har tsakiyar 1929.

Lambobin da littattafai ke so su ne na zango biyun ƙarshe. A na sha biyu, da aka janye hutu, aikin mako ya haura 2,900 ga kowace mace, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. A na sha uku ya kai wajen 3,000. Hujjar ke nan: an ba su hutu aiki ya ƙaru, an ƙwace hutun ya sake ƙaruwa, ashe ba hutun ba ne.

To, daga 2,400 zuwa 3,000 ƙarin 600 ne, wato kashi 25 cikin 100. Ina aka samo kashi 30 da ake yawan ambata? Daga lissafin awa. A zango na sha uku hutun yakan cinye minti 25 a kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, da minti 15 ranar Asabar, jimla minti 140, awa biyu da minti 20. Saura awa 45 da minti 40 na aiki. Raba 3,000 da wannan, za ka samu wajen 66 a awa. Daga 50 zuwa 66 shi ne kashi 30 da ɗan ɗoriya. Ke nan shahararriyar lambar ta awa ce. Amma da aka zo zango na sha biyu, sai masu ba da labari suka sauya ma'auni suka ɗauki na mako, domin shi ne ya hau. In aka riƙe ma'auni ɗaya, 2,900 a awa 48 yana ba da wajen 60 a awa. Aikin mako ya yi yawa ne saboda awoyin sun yi yawa. Aikin awa kuwa sauka ya yi da aka janye hutu, kamar yadda rahoton kamfanin kansa ya nuna. Da aka mayar da hutun, daga 60 aka koma 66, ƙarin wajen kashi 10. Lambobin nan dunƙulallu ne, amma inda suka dosa a fili yake: hutu ya yi aiki. Zangon da ake kafa hujja da shi cewa hutu ba kome ba ne, shi ne ya fi nuna amfaninsa.

Sai batun kuɗi, wanda aka canza tun a zango na uku, kafin a ba da hutun minti ɗaya. A tsohon sashe jinga ce ta taro: ana tara aikin mutum wajen 100, a raba ladan a tsakaninsu. Mace ta ƙara rile 100 a mako, ribar ta watsu cikin mutum ɗari, abin da zai dawo hannunta bai taka kara ya karya ba. A sabon ɗaki aka mayar da jingar ta mutum biyar. Rabon da ke dawo mata daga guminta ya tashi daga wajen ɗaya cikin 100 zuwa ɗaya cikin biyar, ninki 20 ke nan. Kowane tela da ya taɓa ɗinki a shagon da ake biya bisa yawan riguna ya san abin da wannan ke yi wa ƙafa a kan keke. Kuma ko a zango na sha biyu da ake cewa an janye kome, ba a janye wannan tsarin biya ba. An koma sharuɗɗan zango na uku ne, ba na farko ba.

Masu binciken ba su makance ga wannan ba, kuma adalci ne a faɗa. Sun shirya gwaji biyu don su ware tasirin kuɗi. A ƙarshen 1928 suka ɗauki wasu mata biyar masu harhaɗa rile, suka bar su a babban sashe, ba ɗaki na musamman, ba hutu, ba mai lura mai fara'a, sai dai jingar mutum biyar kawai. Nan take aikinsu ya tashi da kusan kashi 13. Bayan mako tara aka dakatar da gwajin saboda sauran ma'aikatan sashen sun fara ƙorafi suna neman a yi musu haka su ma. Da aka mayar da matan tsohon tsarin biya, aikinsu ya faɗi da wajen kashi 16. Ɗaya gwajin kuma na mata biyar ne masu ɓare ma'adinin maika zuwa siraran falle. Su an ba su ɗaki da hutu, amma ba a taɓa tsarin biyansu ba, domin dama kowace gwargwadon aikinta ake biyanta. Aikinsu ya hau da wajen kashi 15 cikin wata 14, sannan ya fara sauka da aka soma raɗe-raɗin za a mayar da aikin wata masana'anta.

Ga yadda Fritz Roethlisberger da William Dickson suka haɗa lissafin a babban littafinsu na 1939, Management and the Worker: ɗakin farko ya ba da 30, ɗakin maika ya ba da 15 ba tare da canjin biya ba, saboda haka abin da za a iya jingina wa kuɗi bai wuce 15 ba. Wannan ɗebewa ba ta zauna ba. Mutanen daban, aikin daban, tsawon lokacin daban, tsarin biyan daban. Kamar manomi ne ya ɗebe amfanin gonar gero ta jigawa daga na gonar shinkafa ta fadama, ya ce saura shi ne aikin taki. Alex Carey, masanin Ostareliya, ya warware wannan dalla-dalla a 1967. Kuma ko an karɓi ɗebewar yadda take, abin da ta ce shi ne kuɗi na iya ɗaukar rabin ƙarin. Sauran rabin ma akwai hutu a cikinsa. Tsakanin wannan da abin da ake karantarwa a aji akwai tafiya mai nisa.

Lambar da ta fi damuna ita ce biyu. A Janairun 1928, a ƙarshen zango na bakwai, an fitar da mata biyu daga cikin biyar ɗin, aka kawo wasu. Laifinsu yawan hira da rashin ba da haɗin kai, bayan an sha ja musu kunne. An faɗa wa matan tun farko su yi aiki yadda suka ji daɗi, kada su yi tsere. Da biyu suka ɗauki maganar da gaske, aka sauya su. Biyu cikin biyar kashi 40 ne na samfurin. Waɗanda aka kawo kuwa tun makonnin farko suka zarce na da, kuma ɗayarsu, wadda nauyin gidansu ke wuyanta, ta zama mafi sauri a ɗakin, ita ke zaburar da saura, ita ke tsawata wa mai sanyin jiki, tunda jinkirin kowace yana rage mata albashi.

A ɗauki misali don a ga girman abin. Mutum biyar kowace na yin 50 a awa, jimla 250. A cire biyu a kawo masu yin 60. Jimla ta zama 270, ƙarin kashi 8, alhali ukun da suka rage ba su ƙara rile ko ɗaya ba. Su ukun kuma sun ga abin da ya sami 'yan'uwansu da idonsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai an ce ka shafa wa naka ruwa ba. Duk wani jadawali da ya ja layi ɗaya daga 1927 zuwa 1929 yana kwatanta taro biyu ne da ba ɗaya ba.

Elton Mayo, malamin Makarantar Kasuwanci ta Harvard wanda sunansa ya manne da binciken, bai tsara wannan ɗaki ba. Jami'an kamfanin ne suka tsara shi, a ƙarƙashin George Pennock. Mayo ya fara zuwa a 1928, bayan gwajin ya yi shekara guda kuma an riga an sauya matan biyu. Gudummawarsa ita ce fassara: a littafinsa na 1933 ya bayyana abin da ya faru a matsayin haihuwar ƙungiya mai son aiki da kanta saboda an saurare ta. Laƙabin "tasirin Hawthorne" ma sai a shekarun 1950 ya fito, ana yawan danganta shi ga Henry Landsberger da littafinsa na 1958.

Tsakanin 1928 da 1930 kamfanin ya yi hira da ma'aikata fiye da 21,000. Wannan ce lamba mafi girma a duk binciken, amma ba ta auna yawan aiki ba. Koke-koke da ra'ayoyi ta tattara. An fara da tambayoyi shiryayyu na wajen rabin awa, aka koma barin ma'aikaci ya faɗi abin da ke ransa har awa ɗaya da rabi. Daga nan tsarin ba da shawara ga ma'aikata ya samo tushe a kamfanin.

Gwaji na ƙarshe, daga Nuwamban 1931 zuwa Mayun 1932, shi ne wanda na fi ganin darajarsa, kuma shi ake bi a guje a aji. Maza 14 ne: tara masu ɗaura waya a allunan na'urar tarho, uku masu like da dalma, biyu masu duba aiki. Su ma an keɓe musu ɗaki, an sa musu mai lura na wata shida. In dai sa ido da keɓewa ne ke ƙara aiki, nan ya kamata a gani. Bai ƙaru ba. Kamfani ya ƙayyade ɗauri 914 a awa, wato 7,312 a yinin awa takwas. Mutanen kuwa sun yanke nasu: na'ura biyu a yini, ɗauri 6,600 ko 6,000 gwargwadon irin na'urar. Ko babbar lambar aka ɗauka, kashi 90 ne na abin da kamfani ke so. Da yawansu za su iya wuce haka, sai dai ba sa yi. Wanda ya cika sauri a yi masa ba'a, a laƙaba masa suna, ko a ɗirka masa naushi a damtse. Wanda ya cika lalaci shi ma ba a ƙyale shi, domin yana cin gumin wasu. Mai kai tsegumi wurin shugabanni ya fi kowa baƙin jini.

Har rahoton aikinsu gyararre ne. Ranar da mutum ya yi da yawa sai ya ɓoye saura, ranar da ya gaza ya cike da ajiyarsa, don jadawalinsa ya tafi a miƙe ba hawa ba sauka. Manajan da ke zaune a ofis yana duban wannan layi miƙaƙƙe zai ce ga ma'aikata masu natsuwa, bai san lambar da ke gabansa an riga an daidaita ta kafin ta iso teburinsa ba. Wannan kaɗai ya isa darasin zango guda ga mai koyon gudanarwa, ko mai duba makarantu da ke karɓar rajista da sakamakon jarrabawa daga hannun waɗanda za a hukunta da su.

Masu binciken sun karkata ga cewa wannan hali ba na lissafi ba ne, na zuciya ne da al'adar ƙungiya, tunda a tsarin biyan ƙarin aiki na nufin ƙarin kuɗi. Ni ban ga rashin lissafi a ciki ba. Mutanen sun faɗi tsoronsu: in suka nuna za su iya fiye da haka, za a ɗaga ma'auni, ko a rage farashin jinga, ko a sallami wasu. A dubi shekarar. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929, kuma zuwa 1933 wajen ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Ana ta rage awoyi da sallamar mutane a Hawthorne kanta. In aikin da ya rage a masana'anta ƙayyadadde ne, wanda ya gama na kwana goma cikin tara ya kusantar da ranar sallamarsa da ta abokinsa. Gwajin ma rashin aiki ne ya kawo ƙarshensa.

Mata biyar sun ƙara, maza 14 sun ƙi ƙarawa, duka a masana'anta ɗaya, duka ana kallonsu. Bambancin da ke tsakaninsu a bayyane yake: su matan an canza musu biya, an ba su hutu, an yi musu alkawarin ba za su yi asara ba, an kuma sauya biyun da suka ja baya, mazan ba a canza musu kome ba sai ɗaki da mai kallo.

A 1974 H. M. Parsons ya nuna a mujallar Science cewa matan suna samun labarin adadin da suka yi a kai a kai, kuma adadin na haɗe da albashinsu. Mutum ya ga ƙidayarsa ya ga kuɗinsa, hannunsa zai koyi sauri a hankali. A 1978 Richard Franke da James Kaul suka bi alƙaluman ɗakin rile da dabarun ƙididdiga na zamani, suka ce abubuwa uku ne suka ɗauki mafi yawan sauyin: sauya matan biyu, matsin tattalin arziki, da lokacin hutu. Wasu masana sun mayar musu da martani cewa wucewar lokaci kaɗai, wato ƙwarewar da ke zuwa da maimaita aiki ɗaya shekara da shekaru, na iya ba da irin wannan hawa. Gardamar ta tsaya a nan ne saboda tsarin gwajin bai ba da damar raba su ba. An canza abubuwa da yawa a lokaci guda a kan mutum biyar, kuma ba a ajiye wasu biyar makamantansu da ba a canza musu kome don a kwatanta ba. Stephen Jones ma ya sake bin lambobin a 1992, ya ce shaidar tasirin kallo a cikinsu ƙalilan ce ƙwarai.

Wannan bai sa na ce kulawa banza ce ba, kuma alƙaluman ba su ce haka ba. Matan da bakinsu sun ce sun fi son ɗakin saboda babu mai tsaya musu a ka, ana shawara da su kafin a canza wani abu, har sukan ƙi wata shawara a janye ta. Rahoton kamfanin ya ce fashin zuwa aiki ya ragu da wajen kashi 80 cikin 100 a tsakaninsu. Gano cewa ma'aikata na da ƙungiyarsu ta ɓoye da dokokinta, da shugabanninta da ba kamfani ya naɗa ba, babban abu ne a zamanin da ake ɗaukar lebura kamar wani sashe na inji. Abin da lambobin ba su taɓa nunawa ba shi ne kulawa tana maye gurbin lada. Ba a yi zango ko ɗaya a ɗakin rile da aka janye jingar mutum biyar aka bar fara'ar mai lura don a ga abin da zai faru ba. Inda aka janye jingar, a rukunin da aka bari a babban sashe, aiki ya faɗi da kashi 16.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne inda darasin ke ƙarewa. Ɗalibin da ya haddace shi a gurguje zai zama shugaban da ke bin malamai ko ma'aikatan asibiti da takardar yabo da taron ƙarfafa gwiwa alhali albashinsu na wata biyu bai shigo ba, kuma zai yi hakan da zuciya ɗaya, yana ganin kimiyya ce ta goya masa baya. Ma'aikata na da sunan da suke kiran wannan: romon baka. Fassarar Mayo ta samu karɓuwa a wurin masu kamfanoni tun a zamaninsa, kuma ba a rasa dalili ba, domin sauraron ma'aikaci ya fi ƙarin albashi araha. Masanin tarihi Richard Gillespie ya nuna a littafinsa na 1991 cewa su kansu masu binciken sun yi ta saɓani a kan ma'anar sakamakon, kafin fassara ɗaya ta danne saura ta shiga littattafai.

Malamin da zai karantar da Hawthorne yana da abin da ya fi labarin fitila. Ya rubuta 2,400 da 48 a allo, ya rubuta 2,900 da 48, ya rubuta 3,000 da awa 45 da minti 40, ya ce ɗalibai su raba da kansu. Sannan ya tambaye su ko matan da aka fara da su su ne aka gama da su. Ɗaliban ilimi da za su gwada sabuwar dabarar koyarwa a aji ɗaya na makarantar da suke sanin makamar aiki suna fuskantar tarko iri ɗaya: ajin da aka zaɓa, yaran da suka daina zuwa a tsakiyar zango, makin da aka ɗauka a farkon mako ko ƙarshensa, da abubuwa uku ko huɗu da aka canza tare aka jingina sakamakon ga ɗaya.

Ɗakin rile ya ci gaba har wajen shekara biyar, kuma T. N. Whitehead na Harvard ya tattara ƙidayarsa ta awa-awa a mujalladi biyu da suka fito a 1938. A 1932, da matsin tattalin arziki ya kai maƙura, sallamar da ke bin ma'aikata bisa ƙarancin shekarun aiki ta iso kan matan ɗakin su ma. Mai lura na nan, na'urar ƙidaya na nan tana huda takarda, kulawar ba ta ragu ba. Da suka san ranar tafiyarsu ta kusa, aikinsu ya sauka a makonnin ƙarshe. Masana'antar kanta an rufe ta a shekarun 1980.